Farashin Ma'azu

Ohio, Amurka
Tsakiyar Afrilu

Zuwa ga mahaifina Alhaji Nababa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya Guangzhou, ya kasuwa, ya hidimar baƙin baje koli? Na san yanzu ofishinka na ginin Tianxiu ba wurin sa ƙafa, mutanen Kano sun sauka. Ina gaida ƙanwata Saffana, Allah ya ba ta sa'ar jarrabawa. Jiya na yi waya da Umma a Kano, suna nan ƙalau.

Baba, ka ce duk maganar da ta shafi kuɗi in kawo maka ita a rubuce, ba ka son ta a waya. To ga ta.

Ƙarshen watan nan za a yi zaɓen 'yan wasa. Ƙungiyoyin babbar gasar ƙwallon Amurka za su zauna kwana uku suna ɗaukar samarin da suka gama jami'a, ɗaya bayan ɗaya. Wakilina ya ce sunana yana yawo a bakinsu. Ba a sahun farko ba, can wajen ƙarshe, amma dai yana yawo. Ni ne fa Baba, da aka kawo ƙasar nan don ƙwallon kwando saboda tsawona, wani koci ya gan ni a ɗakin cin abinci ya ce in zo in gwada ture mutane. Tun da wakilin ya faɗa mini na kasa zama wuri ɗaya.

Na san har yanzu kokawar masu hular kwano kake ce wa wasan. Aikina bai canza ba: in ratsa ƙartin da ke tsare mai jefa ƙwallo, in kayar da shi kafin ya jefa.

Ga yadda kuɗin yake. Duk wanda aka zaɓa, albashinsa a yanke yake tun kafin a kira sunansa. Na ɗaya da nasa, na ɗari biyu da nasa, ba ragi ba ƙari, kuma ba shi da ikon cewa ba ya son garin. Wanda ba a zaɓa ba shi ne ƙungiyoyi ke bugo wa waya bayan an tashi, ya saurari kowa ya ɗauki wadda ta yi masa. Amma burin kowa a kira sunansa a talabijin. A taya ni da addu'a.

Ɗanka mai biyayya,
Ma'azu

*

Tianxiu, Guangzhou

Zuwa ga ɗana Ma'azu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, saƙonka ya iso, mun karanta. Ni ke faɗa, Saffana ke rubutawa, in ka ga kuskure nata ne.

Na sa ta maimaita mini wurin da ka ce ba ragi ba ƙari har sau biyu. Shekara ashirin ina sayen takalma a kasuwar Zhanxi Lu ina aikawa Kano, ban taɓa ganin kayan da ba a ciniki a kansu ba. Ko ɗan Caina ya ce maka meyo, wato babu, in ka zauna ka sha shayinsa sai ka ga ya shiga ciki ya fito da shi. Yaya za a yi a yanke wa mutum farashi kafin a zauna da ubansa? Wa ya yanke? Da wa aka yi shawara? Shi dillalin naka da kake ce wa wakili, me yake ci a ciki in ba ya ciniki?

Ka nemi addu'a, zan yi. Amma ba zan ɓoye maka ba, addu'ata ita ce kada su kira ka. Gara su tashi ba su ɗauke ka ba, su dawo suna bugo waya, a nan ne za a yi magana irin ta manya. In sun bugo, kada ka nuna zumuɗi. Ka ji tayin na farko, ka gaya wa na biyu, ka koma wa na farko. Wanda ya fi ba da kafin alƙalami mai kauri shi ne naka. Kada ka sa hannu sai ka kira ni.

Ka riƙe salla, ka kula da wuyanka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Alhaji Nababa

*

Guangzhou
Ƙarshen Afrilu

Yaya Ma'azu,

Sallama da gaisuwa. Ya gajiya, ya sabon matsayi? Ina taya ka murna, ni dai da zuciya ɗaya, tunda wani a gidan nan bai gama yanke shawarar ko murna yake yi ko fushi ba.

Bari in ba ka labarin ranar Lahadi. Ana idar da Asuba muka tafi ofis, don lokacin ne ƙarshen zaɓen yake kamawa a nan. Na haɗa kwamfuta da talabijin. Malam Ismaël, ɗan Damagaram ɗin nan mai ofishin aika kaya kusa da namu, ya shigo da burodi da shayi, wasu baƙin Baba su biyar daga Kasuwar Wambai suka biyo shi. Ana ta kiran sunaye. Da aka kira na ƙarshe ba kai ba, wallahi hawaye na ji. Sai Baba ya shafa fuska ya ce, "Alhamdulillahi. Yanzu aka buɗe kasuwa."

Da ka kira ka ce ƙungiyoyi biyu sun bugo, ta bakin teku ta lamunce maka ninki uku na abin da ta garin sanyi ta lamunce, ka ga Baba kuwa? Tsaye ya miƙe yana zagaya kwalayen takalma. Ka ji shi ai yana ce maka, "Ka ce musu za ka yi shawara. Ka bar su su kwana." Ka ce minti kaɗan suka ba ka, wayar ta katse. Muna nan zaune sai ga saƙonka wai ka sa hannu da garin sanyi.

Baba ya cire hula ya ajiye a kan tebur, ya sauka, ya je ya tsaya a kan gadar Xiaobei yana kallon motoci. Malam Ismaël ne ya bi shi ya dawo da shi.

Ga kuma inda abin ya cakuɗe. Wani ya karanta a intanet wai kwantiraginka na shekara uku ya kusa dala miliyan uku. Kafin Azahar labari ya gama hawa da sauka a ginin nan. Mutanen Mali, na Gini, na Gana, kowa yana shigowa barka. Matar nan mai sayar mana da kwali ta riƙe hannun Baba tana ce masa babban lawban, wato maigida. Sai ya yi musu fara'a yana "Madalla, madalla," suna fita ya haɗe rai ya ce da ni, "Yaron nan ya karya wa kansa farashi."

Don Allah ka rubuto masa dalili. Ni ma ina so in ji.

Ƙanwarka,
Saffana

*

Garin sanyi, Amurka
Farkon Mayu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa da na sa hannu ban sake kiran ka ba. Ba raini ba ne, lokaci ne babu. Ga dalilina, in ka ji ka ga ban kyauta ba, na karɓa.

A gasar nan akwai ƙa'idar da suke kira iyakar albashi. Kowace shekara ana yanke jimlar kuɗin da ƙungiya za ta iya biyan 'yan wasanta gaba ɗaya, kuma ɗaya ce ga kowa. Ka ɗauka an ce kowane ɗan kasuwa a Tianxiu kwantena ɗaya zai loda, girma ɗaya. Komai arzikin mutum ba zai ƙara ba. In ya sa babban kaya ɗaya ya cinye wuri, dole sauran su zama ƙanana.

Ƙungiyar garin sanyi ta sabunta wa mai jefa ƙwallonta kwantiragi da kuɗi mai ban tsoro, kwantenarsu ta cika har ƙofa ba ta rufuwa. A gurbin da nake bugawa suna da wani tsohon hannu, sunansa Reggie, shi kaɗai yana ɗaukar abin da irina takwas za su ɗauka. Kowa ya san suna neman yaro mai araha da zai maye shi. Su kuwa na bakin teku suna da samari huɗu a gurbina, duk sun riga sun kashe musu kuɗi. Za su ba ni kafin alƙalamin, in yi musu wata uku, su sallame ni.

Miliyan ukun da ake faɗa kuma, Baba, ba a hannu suke ba. Mu casa'in ne a sansanin horo. Ƙarshen Agusta za a rage mu zuwa hamsin da uku. Wanda ya tsira shi ke fara karɓar albashi, mako-mako. Wanda aka cire, takardar ta mutu. Don haka ban duba wanda ya fi tayi ba, na duba inda zan fi samun wurin zama.

Sun ba ni lamba da akwatin kaya mai sunana. Na tsaya ina kallon sunan gidanmu a jiki har wani ya tambaye ni ko lafiya.

Ɗanka,
Ma'azu

*

Tianxiu, Guangzhou

Ma'azu,

Bayan gaisuwa. Na ji bayaninka. Ban ce ka yi daidai ba, amma na ji.

Wannan ƙa'ida ta kwantena ɗaya ta tsaya mini a rai. Ashe akwai inda ake ɗaure hannun mai kuɗi a ce ya yi dabara kamar kowa. Na faɗa wa Ismaël, ya ce da za a kawo ta ginin nan da mutum uku sun suma. Mun kwana biyu muna gardama a kai. Saffana ta nuna mini inda ake wallafa albashin kowa a ƙungiyarku, na sa ta buga mini, ina dubawa in baƙi sun ragu. Mai jefa ƙwallon nan naku, anya ba a cuce ku ba?

Ka ba ni labarin wannan Reggie. Shekararsa nawa, yana da iyali?

Allah ya tsare.

Mahaifinka

*

Sansanin horo
Farkon Agusta

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da shiru, a sansanin nan mutum ba ya komawa ɗaki sai ya zama kamar an daka shi a turmi. Garin sanyi kuma ashe da bazara zafinsa ba wasa. Amma Baba, abu yana kyau. Koci ya fara sa ni cikin sahu na biyu, jiya ma ya kira sunana daidai, bai ce Mazu ba.

Ka tambayi Reggie. Shekararsa talatin da uku, sha ɗaya daga ciki a ƙungiyar nan. An yi masa aiki a gwiwa sau biyu. Yana da mata da 'ya'ya mata uku. Na zo da niyyar in kauce masa, don na san abin da ya kawo ni. Sai ga shi a rana ta biyu ya tsayar da ni bayan an tashi ya ce, "Kai dogo, ƙarfi kake da shi amma hannunka bai san komai ba. Zo nan." Tun ranar kullum sai ya ƙara mini rabin awa. Shi ya koya mini yadda zan kaɗe hannun ƙato in wuce ta ƙarƙashin hammatarsa. Da ya ga ina salla a lungun ɗakin kaya, shi ya je ya sa aka ba ni wani ɗaki. Shi ya yi wa masu girki magana a kan naman da zan ci.

Abin ya dame ni, ran nan na kasa riƙewa na ce masa, "Ka san fa saboda kai na zaɓi ƙungiyar nan." Ya yi dariya ya ce, "Na sani. Ni ma a kan wani na zo."

Shugabannin ƙungiya sun nemi ya rage albashinsa, ya ƙi. Ya ce bai ba su gwiwoyinsa biyu don su zo suna taya shi kamar tsohuwar mota ba. Kowa ya san ma'anar haka. Duk ranar da na yi abin kirki a fili sai in ji daɗi har cikin ƙashina, in na juyo na gan shi yana tafa mini sai daɗin ya ragu.

Ya gayyace ni cin abinci gidansa ranar hutu. Na ba shi labarinka, ya ce yana so ya gaida mutumin da ya yi addu'a kada a zaɓi ɗansa. Zan kira ku daga can, zai kama safiyarku.

Ɗanka,
Ma'azu

*

Guangzhou
Ƙarshen Agusta

Yaya Ma'azu,

Sallama. Ban san ta inda zan fara ba. Bari in fara da wasan gwajinku na jiya.

Mutum ya fi talatin a ofishin Baba da sassafe, wasu a kan kwalaye, wasu a bakin ƙofa. Ba wanda ya san dokar wasan sai ni da Baba, shi kuwa ya zama malami, yana nuna talabijin da cokalin shayi. "Ku bar kallon ƙwallo," in ji shi, "ku kalli mai lamba casa'in da shida." Da ka kaɗe hannun ƙaton nan ka wuce ka rungume mai jifa kuka zube, ofis ya ɗauka gaba ɗaya. Malam Ismaël ya manta Hausa ya koma Faransanci. Da ka sake yi a karo na biyu, mai gadin bene ya hawo a guje yana zaton faɗa ake. Baba ya kama kafaɗarsa ya ja shi gaban talabijin yana nuna ka yana buga ƙirji. Mutumin bai tafi ba sai da aka tashi. Umma ta kira daga Kano tana kuka tana tambaya ko shi wanda ka kayar ya tashi lafiya.

Sai maganar wayar gidan Reggie, wadda na so in ba ka tun makon jiya. Ka tuna bayan gaisuwa yaransa sun ja ka waje ka bar masa wayar? To ba sallama suka yi ba. Baba ya gyara zama ya ce in fassara, kada in rage komai.

Ya ce masa, "Na ga albashinka, na ga na sauran. Kayanka masu kyau ne, amma ka yi musu tsada a ƙarshen kasuwa."

Na zaci zai ji haushi. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai ma ka zo taya ni ne?"

Baba ya ce, "A'a. Ni ma tsohon hannu ne. Yanzu yara suna zaune a Kano suna odar takalma ta waya, ba sa bukatar Alhaji Nababa. Shekara uku ke nan na rage ladana. Ya yi mini ciwo. Amma har yau ina buɗe ofis, ana sallama da ni. Waɗanda suka ƙi ragewa sun koma gida da girmansu, ba mai kiran su."

Matar Reggie ta leƙo ta bayansa ta ce in maimaita na ƙarshen. Na maimaita.

Sannan Baba ya ce, "Ka riƙe mini yaro kamar ɗan'uwa, ba zan ga kana shirin faɗawa rami in yi shiru ba. Ka rage, ka zauna, ku yi wasa tare."

Da aka kashe wayar na ce, "Baba, in ya rage fa, me za su yi da Yaya?" Ya ce, "Sai su riƙe duka biyun, wuri ya samu." Ya faɗa da tabbaci ƙwarai, kuma bayan abin da ka yi jiya ni ma na yarda. Wa zai saki mutum irin wannan?

Muna jiran ranar da za a rage ku, Laraba ke nan a wajenmu. Baba ya riga ya yi wa mai gidan abincin Lanzhou na ƙasa magana a kan rago.

Ƙanwarka,
Saffana

*

Garin sanyi
Talata

Zuwa ga mahaifina da Saffana,

Assalamu alaikum. Gara ku ji daga gare ni kafin ku gani a intanet. Sun cire ni.

Da safe wani ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ya ce koci yana kira, in taho da kwamfutar hannu ta ƙungiya. Duk wanda aka ce ya taho da ita ya san me ake nufi. Koci bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce ranar Litinin Reggie ya shigo da kansa ya rage fiye da rabin albashinsa, don haka ba su da dalilin rabuwa da shi. Mutum biyu kuma sun ji rauni a wani gurbi, dole su cike can. Ya ce, "Da Reggie bai sauko ba, kai ne."

Reggie ya same ni ina haɗa jaka. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ya ce tun ranar wayar matarsa ba ta bar shi ya huta ba, kullum sai ta ce masa tsohon nan na Caina ya fi shi gaskiya. Ya ce ya ɗauka mu biyun za su riƙe. Na ce masa ba komai, kuma har zuciyata ba na riƙe da shi. Amma ba zan ce muku ban ji ciwo ba. Na zauna a bakin gado na daɗe ban iya ɗaure igiyar takalmi ba.

Saura ƙofa ɗaya. Duk wanda aka cire, ana sa sunansa a gaban sauran ƙungiyoyi na kwana ɗaya. In wata ta ɗaga hannu, ta ɗauke shi da kwantiraginsa yadda yake, ya shiga cikin hamsin da ukunta. In ba wadda ta ɗaga, sai dai in zauna a nan cikin masu taya horo, da ɗan abin da ba a rasa ba. Wakilina ya ce yau an saki mutum sama da dubu, waɗanda ake ɗauka ba su da yawa. Kada ku sa rai sosai.

A ba mai rago haƙuri.

Ma'azu

*

Tianxiu
Laraba

Ɗana Ma'azu,

Wannan da hannuna nake rubutawa, ban tashi Saffana ba.

Na shekara ashirin ina ciniki, ban taɓa yin wanda ya faɗa a kan ɗana ba sai wannan. Kai ka duba kasuwarka da kyau, ka ga abin da ban gani ba, ka zaɓi wurinka. Ni na zo daga nesa da bakina na rushe. Ba wanda ya aike ni. Na ga mutumin ya yi maka alheri, na ga kaina a jikinsa, sai na manta a gurbin wa yake tsaye.

Ban iya buɗe ofis yau ba. Ismaël ya zo ya zauna da ni, ya tafi.

Abin da na gaya wa Reggie gaskiya ne, ba zan janye ba. Amma ba ni ya kamata in faɗa ba. Ka yafe wa mahaifinka. In ba su ɗauke ka ba kuma kana so ka zauna cikin masu taya horo, ka zauna, ba zan ce komai ba. In kana so ka taho, akwai tebur a nan.

Mahaifinka,
Nababa

*

Filin jirgi
Laraba da yamma

Baba,

Assalamu alaikum. Ina rubutowa a tsaye, an fara kiran jirginmu.

An ɗauke ni. Ƙungiya uku ne suka ɗaga hannu, Baba, uku. Ƙa'ida ta ce wadda ta fi shan kashi bara ita ke da fifiko, don haka wata ƙungiya ce ta can yamma cikin hamada ta samu. Kocinsu ya kira ni da kansa. Ya ce ya kalli wasan ranar nan, ya ga yadda na kaɗe hannun ƙaton, ya tambayi wa ya koya mini. Ya ce ba su da kowa a gurbina sai yara, in zo da shirin shiga fili tun wasan farko. Ina cikin hamsin da uku. Na karanta saƙon wakilina ya fi sau goma, har yanzu in na duba sai in ga kamar zai canza.

Ina cikin mota da Reggie lokacin da wayar ta shigo, ya zo ya fitar da ni in ci abinci don tun jiya ban ci ba. Ya taka birki a gefen titi ya fita yana buga rufin motar, har wata tsohuwa ta tsaya tana kallon mu. Shi ya juya da ni otal, shi ya kawo ni nan, ya ɗaukar mini jaka har bakin layi. Ya ce a gaya maka shi da matarsa suna gaisuwa, kuma yana nan a kasuwa.

Na ga wasiƙarka. Ba abin yafewa, amma tunda ka nema, na yafe. Ka buɗe ofis. Ka kira Umma, ni na kasa samun ta. Saffana ta koma wurin mai rago.

Ɗanka,
Ma'azu

*

Tianxiu, Guangzhou
Alhamis

Zuwa ga ɗana Ma'azu,

Bayan sallama. Alhamdulillahi. An yanka rago biyu, Ismaël ya ƙara ɗaya. Mahaifiyarka ta yi sujada. Mai gadin bene yana tambayar ranar wasa.

Saffana ta buga mini albashin sabuwar ƙungiyar taku. Na duba, na ga abubuwa da dama da ba su yi mini ba, akwai mutum biyu da aka yi wa tsada ƙwarai. Na ninke takardar na ba ta ta ajiye.

In ka isa ka yi abokai, ka gaishe su. Kada ka ba ni wayar kowa.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare wuyanka.

Mahaifinka,
Alhaji Nababa